Asalin Kalmar "Feminine" da Danginta a Turanci: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin masu karatun boko a ajin firamare suka fara cin karo da ita. Malam zai raba allo gida biyu, ya rubuta *masculine* a gefe ɗaya, *feminine* a ɗaya gefen, ya jera *king* da *queen*, *cock* da *hen*, yara suna bi da ƙarfi. Daga baya sai mutum ya riƙa ganinta a jikin kwalbar turare, a tallan tufafi, a muhawarar da ake tafkawa a kan matsayin mata. Kalmar ta sha doguwar tafiya kafin ta iso nan, kuma an yi mata ƙage iri-iri a hanya.

Mece ce ma'anarta a Turancin yau?

Sifa ce, kuma aiki uku take yi. Akwai na nahawu, wato jinsin mace a cikin kalmomi. Akwai abin da ya shafi mata ko aka yi dominsu, kamar sutura da kayan kwalliya. Sai na uku, wanda ya fi jawo ce-ce-ku-ce: halaye da kamannin da jama'a suka ɗauka su ne suka dace da mace, irin su taushin murya, tausayi, son ado da tafiya a natse.

Bature yana bambanta ta da *female*. Ita *female* maganar halitta ce zalla, shi ya sa ake faɗarta ga akuya da kaza, har da bishiyar dabino, tunda shi ma akwai mace akwai namiji. Amma babu mai kallon akuya ya ce mata *feminine*. Ɗaki, rubutun hannu, launin yadi, har muryar wani namijin, duk ana iya siffanta su da ita.

Daga wane harshe ta shigo Turanci?

Daga Latin, amma ta bakin Faransawa. A shekarar 1066 William, sarkin Nomandi da ke arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Daga nan har kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu da masu hannu da shuni, Turanci kuwa ya koma bakin manoma da bayin gida. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci. Kafin lokacin dubban kalmomin Faransanci sun riga sun yi kaka-gida, an ƙiyasta waɗanda suka shigo har zuwa ƙarshen ƙarni na 15 sun kai kusan 10,000.

*Feminine* tana cikin waɗanda suka shigo a ƙarni na 14. Tsohon Faransanci yana da *feminin*, wadda ta fito daga *femininus* ta Latin, ita kuma an gina ta ne a kan *femina*, wato mace. Ɗafa-ƙeyar *-inus* tana nufin "na kaza" ko "mai alaƙa da kaza", kuma ita ce dai a ƙarshen *canine*, na kare, da *marine*, na teku, da *divine*, na Ubangiji. Ke nan idan aka fasa kalmar, abin da ke ciki bai wuce "na mace" ba.

Geoffrey Chaucer, babban marubucin Ingila na wancan zamani wanda ya rasu a 1400, yana cikin waɗanda suka fara amfani da ita da kuma sunan da aka cira daga gare ta, wanda yau ake rubutawa *femininity*. A ɗaya daga cikin labaransa na Canterbury ya kira wata muguwar uwar sarki maciji da ya ɓuya a ƙarƙashin siffar mace, kuma da wannan kalmar ya faɗi hakan. Ma'anar "halin da ya dace da mace" sai wajen ƙarni na 15 ta zauna da gindinta.

To ita *femina* fa, me take nufi tun asali?

Mai shayarwa. Wannan shi ne abin da masana asalin kalmomi suka tsaya a kai, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce.

Kalmar gida biyu ce. Gaɓar farko, *fe-*, ta fito daga wata tsohuwar saiwa da ake rubutawa *dhe* ko *dhei*, mai nufin tsotso ko shan nono. Ragowar, *-mina*, tsohuwar ɗafa-ƙeya ce da ke mayar da aikatau ya zama sunan wanda aikin ya shafa. Ita ce a cikin *alumnus*, da 'yan jami'a suke kiran kansu bayan sun gama, wadda asalinta "wanda aka raina" ne, daga aikatau ɗin Latin mai nufin ciyarwa. Shi wanda aka ciyar, ita mai shayarwa.

Abin sha'awar shi ne yawan dangin da wannan saiwa ta haifa. A Latin kanta akwai *filius* da *filia*, ɗa da 'ya, wato masu shan nono, waɗanda suka ba Faransanci *fils* da *fille*, suka ba Turanci *filial* da *affiliate*. Akwai *fetus*, ɗan tayi, da *fecundus*, mai yawan haihuwa ko ƙasa mai albarka. Masana da yawa suna sa *felix* a wannan gida, kalmar da ta zama sunan mutane, domin kafin ta koma "mai sa'a" da bishiya mai 'ya'ya ake siffantawa. A Girkanci akwai *thele*, kan nono, da *thelys*, mace. Ɗaliban likitanci da ke haddace *epithelium* suna furta wannan *thele* ɗin ba tare da sun lura ba. A Sanskirit, tsohon harshen addini na Indiya, *dhayati* shi ne "yana tsotso", *dhenu* kuma saniyar tatsa. A Rashanci *deti* yara ne. A harshen Latbiya *dels* ɗa ne. Daga Indiya har gaɓar tekun Baltik, zancen ɗaya ne: nono, mai bayarwa da mai sha.

A lura babu taushin murya a nan, babu kunya, babu rauni. Aikin jiki kawai kalmar ta ambata, wanda mace da saniya da tunkiya duk suke yi. Romawa ma sukan yi amfani da *femina* ga dabbobi mata.

Ta yaya *dh* ya koma *f*? Kuma wa ya ji mutanen da suna faɗar *dhe*, tunda ba su bar rubutu ba?

Babu wanda ya ji. Gano shi aka yi ta hanyar kwatanta harsuna, shi ya sa a littattafan masana ake sa alamar tauraro a gaban irin waɗannan kalmomi don a nuna ba a gan su a rubuce ba.

A 1786 wani alƙalin Ingila da ke aiki a Kalkata, William Jones, ya gabatar da jawabi inda ya ce kamar da ke tsakanin Sanskirit da Girkanci da Latin ta fi ƙarfin a ce dace ne, dole uwarsu ɗaya. Masanan Jamus irin su Franz Bopp da Jacob Grimm suka ɗora a ƙarni na 19. Abin da suka gano shi ne sauti ba ya canzawa kara-zube. Idan wani baƙi ya juye a wata kalma, to haka zai juye a sauran kalmomin da ya zauna a irin wannan gurbi. Inda Sanskirit ke da *dh* a farkon kalma, Girkanci yana da *th*, Latin tana da *f*. Hayaƙi *dhuma* ne a Sanskirit, *fumus* a Latin. Ƙofa *thyra* ce a Girkanci, *fores* a Latin, *door* a Turanci. Da aka ga wannan tsari yana maimaituwa a kalmomi barkatai, haɗa *dhenu* da *thele* da *femina* ya daina zama shaci-faɗi.

Yawancin masana suna ganin masu wancan tsohon harshe, uwar harsunan Indiya da Turai, makiyaya ne da suka zauna a filayen da ke arewacin Baƙin Teku da tekun Kasbiyan shekara 5,000 zuwa 6,000 da suka wuce. Ba abin mamaki ba ne makiyayi ya yi wa mace da saniya suna da abu ɗaya.

Kafin Faransawa su kawo ta, me mutanen Ingila suke cewa?

*Wiflic*. Muna da shaidar wannan a rubuce. Wajen shekara ta 1000 wani malamin coci mai suna Aelfric ya rubuta littafin koyar da nahawun Latin da tsohon Turanci don yaran da ke hannunsa. Da ya zo kan jinsi, sai ya fassara *masculinum* da *werlic*, ya fassara *femininum* da *wiflic*. A lokacin *wer* shi ne namiji, *wif* kuma mace, kowace mace, da aure ko babu.

*Wer* ta mutu, sai ɓurɓushinta a *werewolf*, mutumin da almara ta ce yana rikiɗa ya zama kyarkeci. *Wif* ta rayu, amma ta ƙuntata ta koma *wife*, matar aure kawai, don haka *wiflic* ta zama *wifely* ta daina isar da ma'anar da. Tsohuwar ma'anar tana nan a *midwife*, ungozoma, inda *mid* ke nufin "tare da": wadda ke tare da mace a kan gwiwa. Gurbin da *wiflic* ta bari shi *womanly* ta shiga tun ƙarni na 13, sannan *feminine* ta zo ta same ta.

Gaskiya ne *woman* daga *womb* da *man* take, wato mutum mai mahaifa?

A'a. Haka ma masu cewa daga *woe* da *man* ne, wai masifar namiji, barkwanci ne na tsofaffin marubuta da wasu suka ɗauka da gaske. Asalinta *wifmann*. A tsohon Turanci *mann* ɗan'adam ne, mace ko namiji, saboda haka *wifmann* mutum ce mace. Da bakuna suka yi ta murza ta, *f* ya narke cikin *m* aka sami *wimman*, daga baya wasalin farko ya karkata ya zama *woman*. Jam'in bai bi ba: ana rubuta *women* amma ana furta "wimin", wato tsohon lafazin ne ya maƙale a nan har yau.

Ita kuma *female*, ba *male* ce aka yi wa ƙari ba?

Kama da wane ba ta wane. Kalmomin biyu ba su haɗa kaka ba. *Male* ta fito daga *masculus* ta Latin, ta bi ta tsohon Faransanci *masle*. *Female* kuwa daga *femella* take, 'yar ƙaramar *femina*, wato yarinya, kuma da ta shigo Turanci *femelle* ake rubuta ta, kamar yadda Faransawa ke yi har gobe. A ƙarshen ƙarni na 14 ne masu rubutu, ganin kullum tare ake ambaton su, suka gyara ƙarshenta ya yi daidai da *male*. Duk mai kafa hujja da cewa ko a kalma ma mace daga jikin namiji aka ciro ta, ko mai kukan cewa Turanci ya mayar da mace jelar namiji, a wannan kalmar dai dukkansu sun yi tuntuɓe da gyaran alƙalami.

Na taɓa jin wai *femina* tana nufin "mai ƙarancin imani". Daga ina wannan ya fito?

Daga littafin farautar mayu. Wajen 1486 wani limamin cocin Katolika Bajamushe, Heinrich Kramer, ya fitar da *Malleus Maleficarum*, wato gudumar dukan mayu, wanda ya koyar da yadda za a gane mayya, a tuhume ta, a azabtar da ita har ta amsa laifi. Don ya nuna dalilin da ya sa a ganinsa mata suka fi maza faɗawa maita, sai ya tsaga *femina* biyu: *fe*, wai imani, da *minus*, wai ƙasa-ƙasa. Ƙanzon kurege ne tsagwaronsa, ko ɗalibin Latin na shekarar farko zai gane. Amma an sake buga littafin sau da yawa cikin ƙarni biyu da suka biyo baya, a zamanin da aka kashe dubun-dubatar mutane a Turai bisa zargin maita, akasarinsu mata.

Ba shi ya fara lanƙwasa kalmar ba. Isidore, bishop na Sebil a ƙasar Sifen wanda ya rasu a 636, ya rubuta wani babban kundi na asalin kalmomi da Turai ta yi ɗaruruwan shekaru tana karantawa. A ciki ya ce *femina* daga kalmar cinya take, wato *femur*, domin a wajen nan ne halittar mace ta bambanta da ta namiji. Ya ƙara da cewa wasu suna danganta ta da wuta a Girkanci, wai saboda zafin sha'awar mata. Ta cinyar tana da ɗan uzuri, tunda *femur* takan juye ta zama *feminis* a cikin jimla. Sai dai wasalin *e* na cinya gajere ne, na mace dogo, kuma a Latin wannan bambanci ne mai raba kalmomi, kamar yadda Bahaushe ba ya rikita gari na mazauni da gari na tuwo. Isidore kuskure ya yi da zuciya ɗaya. Kramer kuwa ya riga ya yanke hukunci, shaida kawai yake nema.

Mene ne bambancinta da *womanly* da *womanish* da *effeminate* da *ladylike*?

A nan ne mai koyon Turanci ya fi zamewa, don ƙamus zai ba shi kusan fassara ɗaya, alhali wata yabo ce wata zagi.

*Womanly* 'yar gida ce, kuma yabo ce: cikar mace, dattako, jinƙai irin na uwa. Ba a cika faɗarta ga ƙaramar yarinya ba. *Feminine* baƙuwa ce da ta zo ta fada da makaranta, shi ya sa take da ƙamshin littafi, kuma ta fi karkata ga kamanni da ado da salo. Turanci cike yake da irin waɗannan tagwaye, ɗaya gado ɗaya aro: *motherly* da *maternal*, *manly* da *masculine*, *kingly* da *royal*. Mai jin Hausa ya san abin, tunda haka sani da ilimi suke zaune, ɗaya tamu ɗaya ta Larabci, kowace da inda ta fi dacewa.

*Womanish* raini ce, kuma galibi namiji ake jifa da ita. Ɗafa-ƙeyar *-ish* ce ta ɓata ta, kamar yadda *childish* take suka amma *childlike* take yabo. *Effeminate* ta fi ta zafi. Daga *effeminare* ta Latin take, "a mayar da shi mace", kuma tun Romawa zagin namiji ce, wanda jin daɗi ya sangarta har ya kasa yaƙi. Fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 ta yi amfani da ita a wasiƙar farko zuwa ga Korintiyawa, sura 6 aya 9, a madadin kalmar Girkanci mai nufin "masu taushi", abin da ya ƙara mata nauyi a kunnen Turawa. Ba a faɗa wa mace ita.

*Ladylike* ta ƙarni na 16 ce, kuma maganar aji ce: zama da tafiya da magana irin na matan manya. Abin dariyar shi ne *lady* ɗin kanta daga *hlaefdige* take, mai kwaɓa burodi, shi kuma *lord* daga *hlafweard*, mai gadin burodi. Uwargida tana kwaɓi, maigida yana riƙe da mabuɗin rumbu. Yau matar da ake kira *ladylike* ita ce wadda ba a zaton hannunta ya taɓa gari.

Akwai kuma *girlish*, na 'yan mata, ko da yake a ƙarni na 14 *girl* yaro ne ko yarinya, duk wanda bai girma ba. Sai *distaff*, wadda ake faɗa wa dangin uwa. Asalinta sandar da ake naɗa ulu ko zaren lilin a jiki ana kaɗi da mazari, saboda kaɗi aikin mata ne a Ingila ta da. Daga wannan sana'a *spinster* ta fito, mai kaɗi, wadda ta koma sunan macen da ba ta yi aure ba a takardun shari'a.

Shin *femina* ce kaɗai kalmar mace a Latin?

Akwai *mulier*, kuma a bakin Romawa sifar da aka cira daga gare ta, *muliebris*, ta fi *femininus* yawo nesa ba kusa ba. Da Latin ta rarrabu, 'ya'yanta suka raba gado. Faransanci ya ɗauki *femina* ya mayar da ita *femme*. Sifaniyanci ya ɗauki *mulier* ta zama *mujer*, harshen Fotugal ya ce *mulher*, Italiyanci ya ce *moglie* ga matar aure. A Sifaniyanci *femina* ta koma *hembra*, wadda aka fi faɗa wa dabba. Turanci ya taɓa aro *muliebrity* a ƙarshen ƙarni na 16, amma ba ta yi kasuwa ba, sai a ƙamus da gasar rubuta kalmomi masu wuya.

Akwai wata kalmar mace da ta girmi waɗannan duka a dangin. Ita ce ta ba Girkanci *gyne*, wadda ke cikin sunan fannin likitan mata, ta ba Farisanci *zan*, Rashanci *zhena*, Turanci kuma *queen*.

Me ya haɗa kalmar da nahawu tun farko?

Kusan a ce nahawu ne ya raine ta. Aristotle ya ruwaito cewa masanin Girka Protagoras, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya raba sunayen Girkanci uku: maza, mata da kayayyaki. Romawa suka kwaikwaya. Varro, wani masaninsu wanda ya rayu a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, yana cewa *virile* da *muliebre*, amma malaman baya irin su Donatus a ƙarni na 4 da Priscian wajen shekara ta 500 suka tsaya a kan *masculinum* da *femininum*. Littattafansu ne yaran Turai suka yi ta haddacewa kusan shekara 1,000, kuma ta nan kalmar da ba ta da farin jini a titin Rum ta shiga kan duk wanda ya yi makaranta.

Shi Turanci da ya aro ta, a daidai lokacin ya gama zubar da nasa jinsin. Tsohon Turanci yana da jinsi uku kamar Jamusancin yau, kuma rabon bai bi halitta ba: *wif* ba mace ba ce ba namiji ba a nahawu, *wifmann* kuwa namiji ce, saboda *mann* da ke ƙarshenta. Rana mace ce a wurinsu, wata namiji, daidai da Hausa da Larabci da Jamusanci. A Latin da Faransanci akasin haka ne, rana namiji, wata mace. Wannan kaɗai ya isa ya nuna jinsin kalma ba ya faɗin komai game da halin mata. Mawaƙin Faransa zai ce wata mace ce don sanyinta da haskenta mai laushi, Bahaushe kuma ya ce rana ta take, ta ƙwalle, ta yi zafi.

Me ake nufi da *feminine rhyme* a waƙa?

Amsa-amo ne mai gaɓa biyu wanda ta ƙarshen ba ta da nauyi, kamar *motion* da *ocean*. Sunan daga Faransanci yake, inda sifofin mata kan ƙare da *e* marar ƙarfi, sai aka kira duk baitin da ya ƙare haka "na mace". Dalilin rubutu ne kawai, daga baya masu sharhi suka riƙa cewa wai don ya fi laushi.

Yaushe *feminism*, wato fafutukar 'yancin mata, ta fito daga cikinta?

A Faransa, a ƙarni na 19. An daɗe ana cewa masanin falsafa Charles Fourier ne ya ƙirƙire ta a 1837, amma masu binciken da suka tona rubuce-rubucensa ba su same ta a ciki ba. Inda aka gan ta tabbas shi ne a wani kundin ɗalibin likitanci na 1871, inda take nufin samarin da tarin fuka ya hana jikinsu cika har suka ɗauki kamannin mata. A 1872 marubuci Alexandre Dumas ƙarami ya kira mazan da ke goyon bayan 'yancin mata *féministes* don ya yi musu ba'a. Wajen 1882 Hubertine Auclert, mai fafutukar a ba mata damar jefa ƙuri'a, ta karɓi sunan ta kira kanta da shi. A shekarun 1890 ya tsallaka Ingila da wannan ma'ana. Matan Faransa kuwa sai a 1944 suka sami ƙuri'ar, shekara 30 bayan rasuwar Auclert.

Kalmomin biyu daga tsatso ɗaya suke amma sun sha yin hannun riga. Littafin Betty Friedan na 1963, wanda ya zaburar da matan Amurka, da *feminine* aka raɗa masa suna, kuma sukar abin da ake nufi da ita ne ya cika shi.

Tunda asalinta "mai shayarwa" ne, ba hujja ba ce cewa aikin mace raino ne?

Asalin kalma yana faɗa mana abin da mutanen da suka lura da shi lokacin da suke raɗa suna. Ba ya yanke hukunci a kan abin da ya kamata. In da yana yankewa, da *lady* tana bakin tanda har yau, da duk wanda aka ce wa *nice* ya yi fushi, tunda daga kalmar Latin mai nufin jahili ta fito, da kuma kowane ɗa, *filius*, jariri ne har ya yi furfura. Mai son kare matsayin uwa yana da hujjoji na addini da na al'ada da suka fi wannan ƙarfi, mai jayayya da shi ma haka. Jawo saiwar da ta shekara 5,000 cikin gardamar rauni ne ga duk ɓangaren da ya yi.

Abin da tarihin ya nuna a fili shi ne halayen da ke cikin kalmar zuba su aka yi daga baya, kuma kowane zamani da abin da ya zuba. A farkon ƙarni na 20 akwai shagunan Amurka da ke ba iyaye shawarar su sa wa yara maza ruwan hoda, mata shuɗi. Yau ruwan hoda ne launin da Bature zai fara kira *feminine*.

Tana da wata alaƙa da "mace" ko "mata" na Hausa?

Ko kusa. Hausa tana cikin harsunan Cadi, reshe ne na babban gidan da ya haɗa Larabci da Ibrananci da harsunan Buzaye da tsohon harshen Masar. Alamar mace a wannan gida *t* ce: ita ce a "ta zo" da "tata", ita ce ta'un da ke ƙarshen sunayen mata a Larabci, kuma ita ce ta rikiɗa ta zama *r* a "rigar" da "gonar". Gidan su *femina* daban ne.

Inda suka yi kama shi ne dabarar gini. Namiji "na miji" ne, tamata "ta mata", kamar yadda *femininus* take "na *femina*".

Yaya ya kamata a fassara ta da Hausa?

A duba aikin da take yi a jimlar. In nahawu ne, jinsin mace ko tamata. In kaya ne, "na mata" ya wadatar: turaren mata, takalmin mata, muryar mata. Abin da kamfanoni ke lulluɓewa da *feminine hygiene* a jikin kwali, mai shago da mai saye duk audugar mata suke ce masa.

In hali ake nufi, kalma ɗaya ba za ta ɗauka ba. Mazantaka tana bakin kowa, amma idan aka zo ɓangaren mata Bahaushe ya fi son ya ambaci abin da sunansa: kunya, kawaici, natsuwa, kwalliya, yanga, rangwaɗa, kissa. Mai fassara sai ya karanta sakin layin gaba ɗaya ya gane wanne marubucin yake nufi, domin matar da aka ce tana da kawaici da wadda aka ce tana da yanga ba hoto ɗaya suke bayarwa ba. *Womanly* takan zauna daidai da "cikakkiyar mace". Ga *effeminate*, "mai halin mata" ko "mai abu kamar mace" ya fi aminci. "Ɗan daudu" suna ne na wani rukunin mutane sananne a ƙasar Hausa, kuma ya fi abin da yawancin marubutan Turanci ke nufi nauyi. "Mata-maza" kuwa maganar halittar jiki ce da aka haifi mutum da ita, ba ta shiga nan sam.